Ruwan Gona ta Takwas

Litinin, 14 ga Afrilu, bayan la'asar

Na dawo Maraɗi. Gwaggo Indo, wadda nake zaune gidanta nan Sabon Gari, ta ce in ƙara ko kwana biyu a Jiratawa, na ce ɗalibai na jirana. Ƙarya ce. Gidan ne na kasa zama. An yi sadakar uku, an naɗe tabarmi, Inna ta shiga takaba, kuma duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce Saudatu ke ce babba, ki riƙe gida. To, na ji.

Ba zan rubuta abin da ya faru ranar Alhamis ba. An sami Baba a gona, kusa da rijiya, shi ke nan.

Talata, 15 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya na rana

Na koma aji. Manya goma sha ɗaya nake koya wa rubuta furogiram da Python, kuma wannan makon na alamomin aiki ne. Na cika tablo, allon ajin, da su: + da - da * da /. Na ce kowace alama ma'aikaciya ce, tana karɓar abu a hagunta da abu a damanta, ta yi aikinta guda, ta miƙo amsa. Ba ta tambayar dalili. Shekara huɗu ina faɗar wannan, yau ne na ji bakina ya yi ɗaci.

Fankar ajin tana wata ƙara, kir, kir, kamar igiya na goga bakin rijiya. Na tambayi ɗalibai ko suna ji, suka ce Madam ai tun bara haka take.

Laraba, 16 ga Afrilu, da hantsi

Ƙanena Sha'ibu ya kira, yana huci. Ya je gonar Baba.

Bari in tsara abin, ko kaina ya tsaya wuri ɗaya. Gonaki takwas ke shan ruwa a reshen magudanarmu, kowace rana gona ɗaya, ta Baba ce ta takwas, can ƙarshe. Shekara talatin shi ke raba ruwan, da ka, ba kayen rubutu ba biro. Da idonsa ya yi rauni, komiten ruwa ya ce ai ɗiyarsa ta yi boko, ta haɗa musu abin zamani. Na haɗa cikin yini ɗaya, ina ji da kaina. Kullum ƙarfe shida na safe ordinatar ɗina, wato kwamfuta, ke tura saƙo biyu, ɗaya ga mai gonar, ɗaya ga Kawu Jibo mai riƙe makullin ƙofar ruwa. Mun fara ran ɗaya ga Maris, farkon azumi.

Ranar da aka amince, Baba bai ce mini komai ba. Ni ce 'yar fari, bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa duban idona ba, in yana da magana sai ya faɗa wa Inna ina zaune. Ya dai sa sabuwar hula ranar.

Abin da Sha'ibu ya gani: hanyar ruwan da ke shiga gonar Baba ta bushe ƙayau, ƙasa ta tsage, har tururuwa sun yi gida. Amma tattasan ya yi kore har makon jiya. Wato da guga ake ba shi ruwa.

"Yaya, Jibo ne," in ji shi. "Tun rigimar iyaka ta shekarun baya yake riƙe da Baba. Wallahi sai ya bar Jiratawa."

Na ce ya bi a hankali. Ya ce hankalin me.

Alhamis, 17 ga Afrilu, bayan azahar

Yau darasin raba. Na nuna musu // mai ba da kaso, da % mai ba da abin da ya rage. Goro goma sha bakwai, mutum takwas: kowa biyu, saura ɗaya. Don haka 17 // 8 biyu ne, 17 % 8 ɗaya ne. Na ce da wannan alamar ake yin duk abin da ke zagayawa, agogo, kwanakin mako, juyin aiki. Har na yi musu alfahari, na ce ni ma da ita nake raba ruwa a garinmu, na rubuta layin a tablo:

gona = rana % 8

Fadila, mai aiki a farmasi, wadda ba ta barin tambaya ta kwana, ta ɗaga hannu.

"Madam, to in rana ta takwas ce fa?"

"Takwas a raba wa takwas, saura nawa?"

"Ba saura. Sifiri."

"Madalla."

"To yaushe takwas za ta fito?"

Na ajiye alli. Abin da ya rage ba ya taɓa kai abin da aka raba da shi. Ni na koya musu wannan minti goma kafin nan, da bakina.

Na ce su yi hutu. Na buɗe ordinatar, na duba saƙon da ya tafi wa Kawu Jibo yau da safe. Yau rana ta arba'in da takwas. BA KOWA YAU.

Alhamis ɗin dai, kafin magariba

Ban ci abinci ba. Gwaggo ta ce baƙin ciki ne, in yi haƙuri.

Juma'a, 18 ga Afrilu, da safe

Na ƙirga. Takwas, sha shida, ashirin da huɗu, talatin da biyu, arba'in. Sau biyar. Uku daga ciki da azumi a bakinsa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan BA KOWA YAU ɗin, ni na rubuta shi da hannuna. Na ce in lambar da ta fito ba ta cikin jerin gonaki, kada furogiram ya tsaya, ya tura wannan. Don tsafta, wai. Da ban sa ba, da ya faɗi tun rana ta takwas da jan rubutu, da na gani. Na gwada rana ta ɗaya zuwa ta bakwai, duk daidai, na rufe na tafi sayen kankana.

Asabar, 19 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Komite ya karɓe makulli daga hannun Kawu Jibo, an ba Maliki mai gona ta uku ya riƙe. Za a zauna ran uku ga Mayu. In an tabbatar, aiki ya tafi, kuma za a ƙwace 'yar gonar da koperatib, ƙungiyar manoma, ta ba shi. Yana da iyali tara. Sha'ibu ya ce an tambaye shi ko yana da magana, ya ce babu, ya haɗa kaya ya tafi gidan wansa a Tibiri.

"Kin gani? Mai gaskiya zai yi shiru?"

Na ce ban sani ba.

Litinin, 21 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya

Alamomin kwatanci. Ya fi, bai kai ba, daidai yake, ba daidai ba. Na ce musu waɗannan amsarsu biyu ce kawai, gaskiya ko ƙarya, ba su da wataƙila. Wani ya ce da haka mutane suke da an huta, aka yi dariya.

Akwai wata Litinin cikin azumi, ina tsaye daidai wurin nan, wayata ta yi ƙara. Ba yau zan rubuta ta ba.

Talata, 22 ga Afrilu, da rana

Na sa an kashe fankar. Mun yi gumi sharkaf, ƙarar kuma tana nan.

Alhamis, 24 ga Afrilu, bayan la'asar

Gobe rana ta hamsin da shida. In na bari, wani BA KOWA YAU zai tafi wa Maliki, shi kuwa ba Jibo ba ne, zai yi tambaya. Sai na gyara.

gona = (rana - 1) % 8 + 1

A cire ɗaya, a raba, a mayar da ɗaya. Sauran gonaki bakwai ranakunsu ba su motsa ba, sifiri ne kawai ya koma takwas. Da farko na manta baka biyun, aka ba ni hamsin da shida, don % tana riga + da - aiki in ba a kange su ba. Na sa, ta ba ni takwas. Na zauna ina kallon takwas ɗin.

Na ce wa kaina don gona na yi. Allah dai ya san don me na yi.

Juma'a, 25 ga Afrilu, bayan masallaci

Innalillahi. Ban yi tunanin wannan ba, ni mai tunani.

Ruwa ya shiga gonar Baba yau. Sha'ibu ya kira yana dariya irin wadda ba ta daɗi. "Kwana shida da cire Jibo, ga ruwa! Na'urar nan taki ba ta taɓa fashi ba, Yaya, shi ne ke danne saƙon. Duk Jiratawa an gani." Ya ce har waɗanda ke kare Jibo sun yi shiru.

Kuma saƙo na biyu. Na manta da saƙo na biyu. Wayar Baba tana ɗakin Inna, ana sa mata caji saboda masu kiran gaisuwa. Ƙarfe shida ta yi ƙara, aka karanta mata: Malam Inusa, yau ruwanka ne.

Lahadi, 27 ga Afrilu, Jiratawa, da yamma

Na hau kabu-kabu na zo. Na fara zuwa gona, don in na shiga gida ba zan iya fitowa ba.

Tattasai ya mutu, ruwan Juma'a bai same shi da rai ba. Zogalen gefen shinge ne kawai ya ɗaga kai. Rijiyar tana can kusurwa, gaba shida ko bakwai zurfinta. Gugan na nan inda ya faɗi, ba wanda ya taɓa. Itacen da ke gicciye a bakinta igiya ta ci shi, sabon rami fari, yatsuna biyu suka shige. Daga rijiya zuwa kunyar ƙarshe na taka, taku tamanin da huɗu. Shekararsa saba'in da ɗaya.

Ina tsaye sai na ji kamar akwai mutum a bayana, irin tsayuwarsa, gefe kaɗan, yana kallon wani wuri don kada ya kalle ni. Ban juya ba. Na ce Baba sannu da aiki. Wallahi haka na ce, da rana tsaka, a gonar da ba kowa.

A gida Inna na kan tabarma da carbi. Ita ma ba ta kiran sunana. Ta dubi bango ta ce, "Abin nan ya kira shi shekaranjiya."

Na ce na ji.

"Da can bai kiran shi."

Na zauna a gefen tabarmar.

"Kullum da safe yakan miƙo mini in duba ko haske ya kama. In ce babu. Sai ya ɗauki guga." Ta ja carbi biyu. "Na ce a faɗa wa mutanen birni. Ya ce kar in kuskura."

Ba ta tambaye ni komai ba. Da ta zage ni da na samu sauƙi.

Talata, 29 ga Afrilu, ƙarfe ɗaya

Darasin alamomin hankali. Na yi bayanin wadda ke cewa sai abu biyu sun zama gaskiya tare. Na ce tana da wayo: in ta duba na hagu ta ga ƙarya ne, ba ta ko leƙa na dama, ta riga ta san amsa.

Tun safe nake yi wa kaina wannan lissafin. Sai an san furogiram ya yi kuskure, sannan za a tambayi wa ya rubuta. Na gyara, ba wanda zai leƙa. Tsofaffin saƙonni na wayar Jibo, shi kuwa ya ƙi nunawa. Fadila ta manta da tambayarta. Zan iya mutuwa da wannan a cikina, a yi mini addu'a a ce ɗiyar kirki.

Mutum tara ke ci daga gonar Jibo.

Laraba, 30 ga Afrilu, bayan la'asar

Na je Tibiri. Na same shi a zauren wansa yana gyaran ƙotar fartanya, ya rame. Na durƙusa na gaishe shi, ya yi mini ta'aziyya kamar ba abin da ke tsakaninmu, har ya sa aka kawo mini fura.

Na ce, "Kawu, me ya sa ba ka nuna musu saƙonnin ba?"

Ya ci gaba da fiƙa. "Ashe kin gano."

"Na gano."

"Karo na farko na ɗauka ranar hutun injin ce. Karo na biyu na je wurin Malam, na ce ba sunanka, bari in buɗe maka haka nan. Ya ce in na buɗe ba da saƙo ba, gobe kowa zai ce a buɗe masa, abin yarinyar ya lalace ke nan. Na ce to a faɗa mata. Ya ce ita da kanta za ta gani, tana da kai. Ya ce in aka ji daga bakin wani, za a ce ɗiyar Inusa ba ta iya ba. Ya sa na yi masa alkawari." Ya hura ƙotar. "Duk da haka na saɓa sau ɗaya. Na kira ki."

To, ga Litinin ɗin, bari in rubuta ta. Ya kira ina tsakiyar darasi, ga azumi ga zafi. Ya ce Malama, abin nan naki yana cewa ba kowa, ko za ki duba. Ban bari ya ƙarasa ba. Na ce Kawu, na'ura ba ta kuskure, ka bi abin da ta rubuto kawai, ina aji. Na kashe. Har na ce wa ɗalibai mutanen ƙauye sai haƙuri.

Na ce, "Za su ƙwace maka gona."

"Sun faɗa."

"Ka faɗi gaskiya mana, Kawu!"

"Ban yi ƙarya ba. In sun ba ni Alƙur'ani zan rantse ban hana shi ruwa da mugunta ba. Sauran kuwa, da wanda ke ƙasa na yi alkawari, ina zan same shi in ce ya warware mini?" Sai a nan ya ɗago ya dube ni. "Ni ban ce ki yi komai ba, ɗiyata. Sha furarki."

Na kasa sha. A hanyar dawowa na sa mai kabu-kabu ya tsaya, na yi amai a gindin wata bishiyar bedi.

Alhamis, 1 ga Mayu, da hantsi

Ba aji, ranar ma'aikata. Baba ya ce tana da kai.

Juma'a, 2 ga Mayu, bayan la'asar

Na kwafe tsohon layin da sabon a takarda, da ranar da na canza. Na sayi gyaɗa a bakin titi, na ƙirga sittin da huɗu na ƙulle a leda. Gwaggo ta ce me zan yi da gyaɗa a taron maza. Na ce darasi.

Tsoro nake ji. Ba na komite ba, na Sha'ibu.

Asabar, 3 ga Mayu, Jiratawa, bayan azahar

An zauna ƙarfe takwas a rumfar koperatib. Alhaji Alkasim shugaban komite a tsakiya, Maliki da makulli a cinya don bai buɗe ruwa ba tukuna, Kawu Jibo can gefe shi kaɗai a kan buhu. Sha'ibu ya yi magana mai tsawo, ya yi kuka a tsakiya, mutane na ta girgiza kai. Alhaji ya ce Jibo na da abin cewa? Ya ce babu.

Na ce ni ina da shi.

Ba a saba mace ta yi magana a rumfar nan ba, amma ɗiyar mamaci ce, aka bari. Na durƙusa na zana da'ira takwas a ƙasa. Na ce wannan gyaɗar kwanaki ce. Na ɗebi tara na raba, saura ɗaya, na ce ruwan gona ta ɗaya. Na ɗebi sha biyar, saura bakwai, gona ta bakwai. Na ce haka na koya wa na'urar, abin da ya rage shi ne mai ruwa. Sannan na miƙa wa Alhaji ledar na ce ya ɗebi ko nawa yake so, ya raba, ya sa takwas ta rage.

Ya gwada sha shida, hannunsa ya zama wayam. Ya gwada ashirin da huɗu. Wani tsoho daga baya ya ce, "Ai ba ta yiwuwa. In takwas ta rage sai a ƙara zagaye."

Na ce haka ne, Baba. Ba ta yiwuwa. Na ce sunan mahaifina bai taɓa fita daga na'urata ba sai ran ashirin da biyar ga Afrilu, kuma ya fita ne don na gyara a ɓoye. Na ce Kawu Jibo ya kira ni cikin azumi ya ce in duba, na kashe masa waya. Na ce kwana goma sha shida ke nan da na sani, ina kallo ana zaginsa.

Ba wanda ya yi salati ma. Alhaji ya karɓi wayar Jibo, aka karanta saƙonnin ɗaya bayan ɗaya, har shida. Ya ɗauki makulli daga cinyar Maliki ya kai masa da kansa, ya ce Jibo ka yafe mana. Hawaye na bin gemun Kawu.

Sha'ibu bai motsa ba sai da aka fara tashi. Ya zo ya tsaya a kaina, ina tsince gyaɗa. Na ɗauka duka zai kai mini, kuma da na tsaya.

"Yaya," ya ce, a hankali. "Da kin duba ranar da ya kira ki, gyaran zai ɗauki kwana nawa?"

Na so in ce abin da wuya, sai an bincika. Zai yarda, bai san komai a kai ba.

Na ce, "Minti biyu."

Ya gyaɗa kai. Ya je ya durƙusa gaban Kawu Jibo ya daɗe, sannan ya sa takalmansa ya bi hanyar tasha, bai waiwayo ba.

Kawu ya share fuska, ya ce rana na yi, yau ruwan gona ta takwas ne, zogalen nan zai iya rayuwa. Ya ce wa zai tare ruwan in ya buɗe? Aka dubi juna. Mai gonar ya rasu, ɗansa ya tafi.

Ban taɓa tare ruwa ba a rayuwata. Na tuɓe takalma, na ce wa Maliki ya ara mini fartanyarsa.